Yadda ake lissafa gudun harsashin bindigar iska mai aiki da gas, a kuma auna shi a gida

Lambar gudun da kamfani ke bugawa a jikin kwalin bindigar iska ba ta cika dacewa da abin da bindigar ke yi a hannun mai ita ba, domin yawanci da harsashi mafi rashin nauyi ake yin gwajin, kuma a yanayin da bai kai namu zafi ba. Wanda yake so ya san gudun tasa bindigar yana da aiki biyu a gabansa. Na farko lissafi ne a takarda, wanda zai nuna masa iyakar da gudun ba zai iya wucewa ba, na biyu kuma awo ne, wanda zai nuna masa abin da yake faruwa da gaske. Na daɗe ina yin su, kuma abin da nake gaya wa duk mai koyo shi ne kada ya amince da lissafin takarda shi kaɗai, komai kyansa, sai awo ya tabbatar masa.

Bindigogin da ake magana a kansu iri biyu ne. Akwai mai aiki da iskar CO2, wadda ake saka wa 'yar tukunyar ƙarfe mai ɗauke da giram 12 na gas, akwai kuma wadda ake kira PCP, da ake ɗura wa iskar da muke shaƙa da famfo har matsinta ya kai ba 200 ko fiye (ba, wato bar a Turance, ma'aunin matsi ne). Kafin komai, mai karatu ya sani cewa dokar makamai ta Najeriya ta sanya bindigar iska cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisi daga hukumar 'yan sanda, saboda haka wannan bayani na wanda ya cika wannan sharaɗi ne, ko malamin kimiyya da ke aiki tare da mai lasisin.

Kayan aiki

Ana buƙatar bindigar da harsasanta na dalma, duka daga gwangwani ɗaya. Sai ƙaramin sikeli na lantarki mai nuna har 0.01 na giram, irin na masu sayar da zinari, da kuma sikelin girki mai nuna giram. Sai tef ɗin awo da rula, ma'aunin zafi, da kalkuleta mai alamar √, ko da ta waya ce. Don haɗa lilon awo, wato gwangwanin da ake ratayewa a harba don a gane gudun harsashi daga nisan da ya tafi, ana buƙatar gwangwanin madara na gari wanda babu komai a ciki, yumɓu mai laushi ko sabulun wanki na sanda, zare mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa, ƙusoshi huɗu, kwali mai kauri, da ƙaramin kwalin ashana. Don tsaro kuma, tabarau na kariya irin na masu aikin ƙarfe ga duk wanda ke wurin, da buhun yashi biyu ko uku da za a jingina a bayan abin da ake harbi. Ban da harsasan da ƙaramin sikelin, yawancin waɗannan kaya ana samunsu a kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru a Zariya, wasu ma suna cikin gida.

A nemi ɗaki ko rumfa da iska ba ta kaɗawa, mai bangon bulo a baya, wanda babu ƙofa ko taga a ɓangaren da za a nufa, kuma a fitar da yara da dabbobi. Kada a yi amfani da ƙwayoyin ƙarfe masu zagaye a wannan aiki, domin idan suka bugi abu mai tauri dawowa suke yi, alhali dalma lotsewa take yi ta faɗi.

Mataki na 1: Nauyin harsashi

Duk lissafin da zai biyo baya a kan wannan lamba ya dogara. Ka ɗora harsashi goma a ƙaramin sikeli, ka raba abin da ya nuna gida goma. Idan sikelin girki kawai kake da shi, ka ƙirga ɗari ka auna su tare, ka raba gida ɗari, domin harsashi ɗaya ya yi wa irin wannan sikeli ƙanƙanta. Harsashin milimita 4.5 yakan kai kimanin rabin giram, na milimita 5.5 kuma yakan kusanci giram ɗaya. Idan an rubuta nauyin a gwangwani da ma'aunin giren, wanda Ingila da Amurka ke amfani da shi, ka ninka shi da 0.0648 ka sami giram. A misalin da za mu bi har ƙarshe, harsashinmu giram 0.53 ne, wato kilogiram 0.00053. Kuskuren da ya fi kama masu koyo shi ne manta wannan juyi daga giram zuwa kilogiram, sai amsa ta fito da gudun da ko babur ya fi shi.

Mataki na 2: Bututu, zafi da matsi

Ka tabbatar babu harsashi kuma babu gas a bindigar, sannan ka auna tsawon bututu daga inda harsashi ke zama zuwa baki. Wasu bindigogin suna da kube da ya rufe bututun ya zarce shi, to ainihin bututun za a auna, ba kuben ba. A misalinmu tsawon mita 0.45 ne. Sai faɗin fuskar da gas ke turawa, wanda ake samu ta hanyar ninka rabin faɗin rami da kansa, a kuma ninka da 3.14. Ga ramin milimita 4.5 amsar ita ce murabba'in milimita 15.9, ga na 5.5 kuma 23.8.

Matsin PCP yana nan a agogon da ke jikinta, sai dai idan tana da na'urar daidaita matsi, to matsin da aka saita na'urar a kai shi ne wanda ke isa ga harsashi. Ita CO2 ba ta da agogo, ma'aunin zafi ne ke gaya maka matsinta, kuma a nan ne ya kamata mutumin Zariya ya natsu. A cikin tukunyar, yawancin gas ɗin ruwa-ruwa yake, kaɗan ne ya zama iska a sama, kuma duk lokacin da aka yi harbi sai wani ɓangare na ruwan ya ƙafe ya maye gurbin abin da ya fita. Muddin akwai sauran ruwa a ciki, zafi ne kaɗai ke yanke matsin. A digiri 10 matsin kimanin ba 45 ne, a digiri 20 kimanin 57, a digiri 25 kimanin 64, a digiri 30 kuma kimanin 72. Ke nan bindiga ɗaya da aka harba da sanyin safiyar hunturu a watan Janairu, aka sake harba ta da azahar, ba za ta ba da gudu iri ɗaya ba.

Akwai kuma iyaka a digiri 31. Sama da wannan zafi CO2 ba ta zama ruwa komai matsin da aka yi mata, sai abin da ke cikin tukunyar ya zama abu guda, matsinsa ya dogara ga yawan abin da ya rage a ciki, kuma a cikakkiyar tukunya yakan hau da sauri sosai. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Zariya yakan wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba, saboda haka lambobin da na kawo ba su aiki da tsakar ranar bazara. Wani lokaci ma matsin kan yi yawa har gudumar da ke cikin bindigar ta kasa buɗe bawul yadda ya kamata, sai gudu ya ragu maimakon ya ƙaru. Shawarata ita ce a yi gwajin da safe a inuwa, kuma kada a taɓa barin tukunyar gas a cikin mota ko a ƙarƙashin rana. Ga masu PCP kuma akwai gargaɗin da ya fi wannan nauyi, wato kada a kuskura a ɗura mata iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti, domin haɗuwarta da maiƙon da ke cikin bindigar a wannan matsi tana kawo gobara da fashewa.

Mataki na 3: Lissafin iyaka

Ƙarfin da ke tura harsashi shi ne matsi sau faɗin fuska. Hanya mai sauƙi ita ce a ninka matsi a ba da faɗi a murabba'in milimita, a raba gida goma, amsar ta fito a niyuton, ma'aunin ƙarfi. A digiri 20, 57 × 15.9 ÷ 10 ya ba da kimanin niyuton 90.6. Idan aka ɗauka wannan ƙarfi bai ragu ba tun daga farkon bututu har baki, aikin da ya yi shi ne ƙarfi sau tsawo, 90.6 × 0.45, kimanin jul 40.8, jul kuwa ma'aunin makamashi ne, kuma wannan shi ne iyakar makamashin da harsashi zai iya samu. Makamashin abu mai tafiya kuwa rabin nauyinsa ne sau gudunsa sau gudunsa, wato E = ½ × m × v². Idan aka juya wannan don neman gudu, v = √(2 × E ÷ m), wanda a nan ya zama √(81.6 ÷ 0.00053), kimanin mita 392 a daƙiƙa.

Babu bindigar CO2 mai irin wannan bututu da za ta yi wannan gudu, kuma yana da kyau a san dalili. Bawul ɗin na ɗan ƙiftawar ido yake buɗewa ya rufe, daga nan gas ɗin da ya shiga sai ya riƙa faɗaɗa yana sanyi, matsinsa yana faɗuwa yayin da harsashi ke gaba. Ƙofar da gas ke bi zuwa bututu ƙarama ce, tana shaƙe shi. Akwai gogayya tsakanin dalma da bangon bututu. Sannan shi kansa gas ɗin yana da nauyi, dole a kashe wani makamashi wajen tura shi ya bi bayan harsashi, kuma CO2 ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi. Saurin sauti a cikinta kimanin mita 267 ne a daƙiƙa a digiri 20, alhali a iska 343 ne, kuma wannan sauri shi ne ma'aunin yadda gas zai iya bin abin da ke gudu a gabansa. Shi ya sa PCP ke fin CO2 gudu ko da matsinsu ya zo ɗaya. Amfanin lambar 392 shi ne ta zama shinge, ta yadda idan awonka ya ba da abin da ya wuce ta, ka san akwai kuskure a awon.

Mataki na 4: Haɗa lilon awo

Wannan dabara tsohuwa ce, wani Bature ɗan Ingila mai suna Benjamin Robins ne ya bayyana ta a 1742 don auna gudun harsashin bindigogin zamaninsa. Duk ɗalibin sakandare da ya taɓa gwajin lilo a ɗakin kimiyya ya riga ya san rabin aikin. Ka cika gwangwanin da yumɓu ko sabulu, ka danna shi sosai, har zurfinsa ya isa ya tsayar da harsashi kafin ya kai gindi, ka auna duka a sikelin girki. Ga bindiga mai matsakaicin ƙarfi giram 200 ya yi, ga PCP mai ƙarfi kuwa a ninka nauyin sau uku ko huɗu, a kuma ƙara zurfin yumɓun.

Ka rataye gwangwanin a kwance, bakinsa yana fuskantar mai harbi, da zare huɗu, biyu a gaba biyu a baya, kowane biyu sun buɗe sama zuwa ƙusoshi a jikin katako ko azara. Idan da zare ɗaya aka rataye shi, juyawa zai yi yana karkacewa, awon ya lalace. Tsayin da ke tsakanin layin ƙusoshin da inda zaren ya kama gwangwani ya zama mita ɗaya, a auna shi a miƙe daga sama zuwa ƙasa, ba a bin karkatar zaren ba. A ƙarƙashin gwangwanin ka kwantar da rula a kan tebur, ka liƙa tsinke a gindin gwangwanin yana kallon ƙasa, ka ajiye kwalin ashana marar komai yana taɓa tsinken ta baya. Idan lilon ya tafi zai ture kwalin ya bar shi a iyakar inda ya kai. Wanda bai gamsu da wannan ba yana iya kafa waya a gefe ta ɗauki bidiyo, ya duba shi hoto bayan hoto, kuma wannan ya fi inganci tunda babu abin da ke riƙe lilon.

Mataki na 5: Harbi

Ka ɗora bindigar a kan buhun yashi, bakinta ya kasance kimanin mita ɗaya daga gwangwanin kuma a tsayi ɗaya da tsakiyarsa. Tsakaninsu ka tsayar da kwali mai ƙaramin rami da harsashi zai bi. Amfanin kwalin shi ne tare gas ɗin da ke fitowa bayan harsashi, wanda idan ya bugi gwangwani zai ƙara masa tafiya, ka sami gudun da ya fi na gaskiya. Za ka iya gwada wannan da harbi ba tare da harsashi ba, in bindigarka ta irin da hakan ba ya yi wa lahani ce, kuma idan lilon ya motsa sai a ƙara nisa. Ka jira lilon ya tsaya cak, kowa ya sa tabarau ya koma bayanka, sannan ka ja kunama.

Ka yi harbi biyar aƙalla, kana rubuta nisan da lilon ya tafi kowane karo. Da CO2 ka bar kusan minti ɗaya tsakanin harbi da harbi, saboda kowane harbi yana sanyaya tukunyar, matsi ya sauka. Duk harbin da ya bugi gefe, ko harsashin ya faɗo bai maƙale ba, ka soke shi. Ka sake auna gwangwanin bayan an gama, musamman da hunturu, domin yumɓu yana bushewa ya rage nauyi, harsasan da suka shige kuma suna ƙara masa.

Mataki na 6: Fitar da gudu

Ƙa'idar da ake bi ita ce nauyi sau gudu kafin karo daidai yake da nauyi sau gudu bayan karo. Wato m × v = (M + m) × V, inda M ne nauyin gwangwani, V kuma gudun da ya tashi da shi. Shi V ana samunsa daga nisan da lilon ya tafi, x, ta hanyar V = x × √(9.8 ÷ L), inda L ne tsayin lilo. Idan L mita ɗaya ne, sai kawai a ninka x da 3.13. A ce matsakaicin nisan ya fito santimita 15, wato mita 0.15, to V ya zama 0.47. Jimillar nauyi giram 200.53 ne, idan aka raba da 0.53 a sami kimanin 378, sai a ninka da 0.47, gudun harsashi ya fito kimanin mita 178 a daƙiƙa.

Wannan gajeriyar hanya tana aiki ne idan tafiyar lilon ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na tsayinsa ba, idan ta wuce a ƙara wa gwangwanin nauyi. Wanda bai amince da awon tsayinsa ba yana iya ƙirga lokacin da lilon ke ɗauka ya je ya dawo sau ashirin, ya raba gida ashirin ya sami T, sannan V = x × 6.28 ÷ T. Ga lilon mita ɗaya T kimanin daƙiƙa 2 ne. Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne a daidaita makamashin harsashi da makamashin lilo kai tsaye. Hakan ba daidai ba ne, domin kusan duk makamashin harsashin ya tafi wajen huda yumɓu da lotsa dalma, abin da ya rage wa lilon bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Mataki na 7: Idan babu halin haɗa lilo

Akwai na'urar auna gudu mai idanun haske biyu da harsashi ke wucewa ta samansu, wadda ta fi kowace hanya sauƙi ga wanda ya same ta, sai dai hasken fitilar da ke ƙyaftawa yana ruɗa ta, gara a yi amfani da ita a hasken rana mai inuwa. Idan babu ita, waya ma tana iya aikin. A kafa katako mai kauri a nisan mita 10 daidai, da buhun yashi a bayansa, a ajiye waya a gefe, nesa da hanyar harsashi, a wurin da nisanta daga bakin bindiga ya zo daidai da nisanta daga katakon. Ta haka jinkirin da sauti ke yi kafin ya iso wayar ya zama ɗaya ga ƙarar harbi da ƙarar bugu, ba sai an cire komai ba. A ɗauki sautin, a buɗe shi a kwamfuta da manhaja irin Audacity, a faɗaɗa zanen har a ga farkon kowace ƙara, a karanta tazarar. Idan ta fito daƙiƙa 0.059, to 10 ÷ 0.059 ya ba da kimanin mita 169 a daƙiƙa. Wannan matsakaicin gudu ne a tsawon tafiyar, dole ya gaza na bakin bindiga tunda iska tana rage wa harsashi sauri. A cikin ɗaki amsa-kuwwa tana cakuɗa ƙararrakin, don haka wannan hanya ta fi kyau a fili mai katanga a baya.

Mataki na 8: Kwatantawa

Da gudun mita 178, makamashin harsashin shi ne ½ × 0.00053 × 178 × 178, kimanin jul 8.4. Idan aka kwatanta da jul 40.8 na lissafin takarda, bindigar ta isar da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na iyakar. Ka rubuta wannan kaso tare da zafin ranar da irin harsashin, domin da shi za ka iya ƙiyasta abin da bindigar za ta yi idan yanayi ya ɗan canza, ta hanyar sake lissafin mataki na 3 da sabon matsi ka ninka da kason. Ƙiyasi ne kawai, kuma yana rauni idan zafin ya yi nisa da na ranar gwaji. Don kwatanta da lambar kwali, wadda yawanci da ƙafa a daƙiƙa ake rubuta ta, ka ninka ta da 0.3048, ta yadda ƙafa 600 ta zama kimanin mita 183. Makamashi ne ƙasashe da yawa ke dubawa a dokokinsu maimakon gudu. A Jamus iyakar bindigar da ake mallaka ba tare da lasisi ba ita ce jul 7.5, a Ingila kuma kimanin jul 16.3 ga doguwar bindigar iska.

Idan ka canza harsashi, za ka iya hasashen sabon gudu ta hanyar ninka tsohon da √(tsohon nauyi ÷ sabon nauyi). Daga giram 0.53 zuwa 0.68, gudun zai sauka daga 178 zuwa kimanin 157. A aikace yakan ɗan fi haka, saboda harsashi mai nauyi yana daɗewa a bututu, gas ya sami damar ba shi ƙarin makamashi, don haka kowane sabon gwangwani a sake masa nasa awon. Ga PCP marar na'urar daidaita matsi, ka rubuta abin da agogo ya nuna kafin kowane harbi tun daga cika har matsi ya sauka. Yawanci za ka ga gudun ya fara ƙasa kaɗan, ya hau, ya ɗan daidaita na wasu harbe-harbe, sannan ya faɗi, kuma tsakanin matsin da ya fara daidaita da wanda ya fara faɗuwa ne ya kamata ka riƙa ɗura bindigar kana amfani da ita.